Yadda Ake Ƙalubalantar Tikitin Laifin Tuƙi Ta Gidan Waya A Kotun Gunduma A Kalifoniya

Duk wanda ya taɓa tuƙi a Amurka ya san yadda gaba ke faɗuwa idan fitila ja da shuɗiya ta hasko a madubin baya. Ɗan sanda ya zo, ya karɓi lasisi da takardun mota, ya koma motarsa, ya dawo da 'yar takardar tara, wadda ake kira tikiti, ya ce ka sa hannu. Yawancin 'yan'uwanmu daga nan sai su biya kawai, wai don kada a ja magana da hukuma a ƙasar mutane. Na fahimci wannan tsoron, amma biyan tarar nan daidai yake da amsa laifi, kuma abin da ke biyo baya ya fi kuɗin ciwo. A yawancin laifuffukan tuƙi, hukumar lasisi ta DMV za ta ɗora maka makin laifi ɗaya wanda zai zauna a tarihin tuƙinka shekara uku, kamfanin inshora zai gani ya ƙara maka kuɗi, in kuwa da mota kake neman abinci, kamfanonin ɗaukar fasinja da kai saƙo suna leƙa wannan tarihin. A Kalifoniya, maki 4 cikin wata 12, ko 6 cikin wata 24, ko 8 cikin wata 36, sun isa a dakatar da lasisin mutum.

Akwai hanyar da za ka kare kanka ba tare da ka ajiye aiki ka je ka tsaya gaban alƙali ba. Sashe na 40902 na dokar ababen hawa ta Kalifoniya ya ba ka dama ka yi shari'arka a rubuce, ka aika ta gidan waya. A takardun kotu sunanta Trial by Written Declaration, kuma da wannan sunan za ka nema idan ka kira kotu. Kai ka rubuta naka, ɗan sandan ya rubuta nasa, alƙali ya karanta duka biyun a ofishinsa ya yanke hukunci. Abin da ya sa na fi son ta shi ne, idan ka faɗi, doka ta ba ka damar neman a sake shari'ar daga farko ido da ido, kamar ba a taɓa yin ta ba. Ke nan harbi biyu gare ka, wanda ya tafi kotu kai tsaye kuwa ɗaya gare shi.

Wannan bayani na Kalifoniya ne. Kowace jiha da tata dokar. A jihar Washington ma ana yin shari'ar tikiti a rubuce, amma can idan alƙali ya yanke, babu ɗaukaka ƙara. Saboda haka in kana wata jihar, ka tambayi kotun da ke kan tikitinka kafin ka bi wannan.

Mataki na farko: karanta tikitin da kyau

Hannun da ka sa a bakin titi alkawari ne cewa za ka amsa wa kotu, babu amsa laifi a cikinsa. Abubuwa huɗu za ka nema a jikin takardar: lambar tikitin, lambar sashen dokar da aka ce ka karya, sunan kotun da adireshinta, da ranar da aka sa maka ka amsa wa kotu. Kalifoniya na da gundumomi 58, kowace da babbar kotunta, kuma wata gundumar, irin su Los Angeles, tana da gidajen kotu da yawa. Wadda aka rubuta a tikitinka ita ce taka, ko da nesa take da gidanka.

Kusa da lambar sashen za ka ga an nuna ko laifin ƙarami ne, wanda ake yi wa alama da harafin I, ko kuwa mai nauyi ne mai harafin M. Shari'ar wasiƙa ta ƙananan laifuffuka ce kaɗai: gudu, ƙin tsayawa a allon STOP, tsallake danja, riƙe waya ana tuƙi da makamantansu. Duk abin da ya shafi tuƙi cikin maye ba ya ciki. In ka ga M, ka nemi lauya. Tikitin ajiye mota a inda aka hana shi ma ba wannan hanyar yake bi ba, hukumar da ta bayar ake fara rubuta wa. In kuwa na gyara ne, kamar fitila ta mutu, ka gyara, jami'i ya sa hannu ya tabbatar, ka biya dala 25, magana ta ƙare.

Bayan 'yan makonni kotu kan aiko da takardar tunatarwa mai ɗauke da adadin kuɗin. Kada ka zauna jiranta. Ko ta zo ko ba ta zo ba, ranar da ke kan tikitin tana nan, kuma wanda ya bari ta wuce ana iya ƙara masa har dala 100 a kan tararsa, ko a yanke hukunci ba ya nan.

Mataki na biyu: koma wurin tun bai canza ba

Nan ne ake cin shari'a ko a faɗi, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Ni da kaina an taɓa tsayar da ni a wata unguwa da yamma, aka ce ban tsaya a allon STOP ba. Na san na tsaya, amma sanina ba hujja ba ce. Washegari, daidai lokacin da abin ya faru, na koma na ajiye mota a gefe na taka da ƙafa. Na je inda motar ɗan sandan take jiya, na ɗan rusuna daidai tsayin kujerar direba, sai na ga wani shingen ganye na wani gida ya tare farin layin da ake tsayawa a kansa gaba ɗaya. Daga inda yake, ba zai ga mota ba sai ta riga ta wuce layin ta fara leƙa mahaɗar. Wato ya ga tashina, bai ga tsayuwata ba. Na ɗauki hoto daga wurin nasa, na ɗauka daga wurina, na ɗauki allon sunan titi don a san ina ne. Da na bari mako biyu, mai gidan ya aske shingensa, da hujjata ta tafi.

Ka yi haka kai ma. Ka ɗauki hotuna daga tsayin idon direba, da irin hasken lokacin da aka tsayar da kai. Ka duba ko reshe ya rufe allo, ko fentin layi ya goge, ko allon iyakar gudu ya faɗi ko yana nesa. In kana da kyamarar gaban mota, ka cire bidiyon a ranar, domin yawancinsu suna goge tsoho su ɗora sabo. Sannan ka zauna ka rubuta duk abin da ka tuna tun yana sabo a kai: layin da kake, yawan motoci, yanayin gari, abin da ɗan sandan ya ce da abin da ka ce. Ka zana taswirar wurin da hannu a farar takarda, ka nuna motarka, motarsa, da abin da ke tsakaninku. Ba sai zanen ya yi kyau ba, ya dai fito a fili.

In akwai wanda ke cikin motar tare da kai, shi ma shaida ne. Zai rubuta abin da ya gani da bakinsa a fom ɗin kotu mai lamba MC-030, ya sa hannu.

Mataki na uku: karanta dokar da aka ce ka karya

Ka ɗauki lambar sashen ka nema a intanet, dokokin jihar duk suna nan kyauta. Ka karanta a hankali, ka rarraba ta gaɓa-gaɓa, domin nauyin hujja a kan hukuma yake, sai ta tabbatar da kowace gaɓa ba tare da kokwanto mai ma'ana ba. Aikinka shi ne ka nuna gaɓar da ba ta tabbata ba.

Tikitin gudu ya isa misali, don iri biyu ne kuma mutane suna haɗa su. Sashe na 22349 ya sa iyaka tsayayya: mil 65 a awa a babbar hanya, mil 55 a hanya mai layi biyu da ba a raba tsakiyarta ba, sai inda allo ya nuna wani abu daban. In a ƙarƙashinsa aka kama ka, cewa hanya fayau take ba zai fisshe ka ba. Abin da za ka taɓa shi ne ko motarka ce aka auna, da ko awon daidai ne. Sashe na 22350 kuwa cewa ya yi kada a yi gudun da ya wuce hankali idan aka dubi yanayin gari, nisan gani, cunkoso da faɗin hanya. A nan kana iya nuna cewa ko da ka ɗan haura abin da ke kan allo, rana ce tsaka, titi a bushe, babu mai tafiya a ƙafa, babu wanda ka jefa cikin haɗari. Bugu da ƙari, in da na'urar auna gudu aka kama ka a irin wannan titin, dokar hana tarkon gudu, sashe na 40802, ta ce a yawancin tituna sai an nuna binciken injiniyoyi wanda bai tsufa ba da ya halatta iyakar da aka sa. Ƙananan titunan cikin unguwa da gaban makarantu ba sa ƙarƙashin wannan sharaɗi. Sashen ayyuka ko na sufuri na birnin ne ke ajiye wannan bincike, kuma kana da damar neman kwafi.

Kana kuma iya rubuta wa ofishin 'yan sandan da suka ba ka tikitin ka nemi kwafin bayanin da jami'in ya rubuta a nasa ɓangaren takardar, da shaidar ranar da aka gwada na'urar. Amsar kan yi jinkiri, don haka in za ka nema, ka nema a makon farko.

Mataki na huɗu: nemi shari'ar, ka tanadi kuɗin beli

Fom ɗin da ake cikewa shi ne TR-205, bayanin yadda ake cike shi kuma yana TR-200. Duka biyun ana sauke su kyauta daga shafin kotunan Kalifoniya. Kana iya cikewa ka aika kai tsaye kafin ranarka. In kana bukatar lokaci, ka rubuta wa akawun kotu kafin ranar ka ce kana neman shari'a a rubuce. Ƙa'ida ta 4.210 ta kotunan jihar ta ce akawun zai ƙara maka kwana 25 ya aiko maka da fom ɗin da sabuwar rana a kansa.

Ga inda yake da ɗaci: sai ka ajiye kuɗin tarar gaba ɗaya tukuna, shi ake kira beli. Kada adadin da ke cikin doka ya ruɗe ka. Tarar ƙin tsayawa a allon STOP dala 35 ce a asali, amma in aka ɗora ƙarin jiha da na gunduma da na kotu sai ta haura dala 200, ta tsallake danja kuwa tana kusantar 500. Ainihin adadin yana kan takardar tunatarwa, ko a shafin kotun in ka sa lambar tikitinka. Ka biya daidai, ba ragi ko na dala ɗaya, da cek ko takardar aika kuɗi ta gidan waya, wato money order, ka rubuta lambar tikitin a jiki. Kada ka sa tsabar kuɗi a ambulan. Kuɗin ajiya ne, in ka yi nasara za a dawo maka da shi.

Wani gargaɗi a nan. Idan za ka biya ta intanet, ka lura da maɓallin da kake dannawa, domin biyan tara na yau da kullum rufe shari'ar yake yi a matsayin ka amsa laifi. Ni dai na fi natsuwa da in sa cek a cikin ambulan ɗaya da fom ɗin. Wanda kuma ba shi da halin ajiye kuɗin, yana iya neman ranar shari'a a gaban alƙali, wadda a ƙa'ida ba a tilasta biya kafin ta. Akwai kuma manhajar MyCitations ta neman ragi ga mai ƙaramin ƙarfi, sai dai ita hanyar neman sauƙi ce ga wanda ba ya jayayya da laifin.

Mataki na biyar: rubuta bayaninka

Fom ɗin yana da wurin suna da adireshi, lambar tikiti, adadin beli, akwatunan da za ka nuna irin hujjar da ka haɗo, da filin bayani. Filin kaɗan ne. In bai isa ba ka ci gaba a fom MC-031 ko a farar takarda, ka rubuta suna da lambar tikiti a saman kowane shafi, ka faɗi yawan shafukan da ka haɗa.

Da Turanci za a rubuta. In Turancinka bai nuna ba, ka fara tsara maganarka da Hausa yadda ta faru, sannan ka samu wanda ya iya ya juya maka, ya kuma karanta maka abin da ya rubuta ka tabbatar naka ne, domin kai za ka sa hannu.

Mu mutane ne masu ladabi a gaban manya, kuma al'adarmu ce mu fara da ban haƙuri: a yi mini afuwa, ina da iyali, ban taɓa yi ba, sauri nake in ɗauko yara. Ɗan'uwa, a wannan takardar duk wannan amsa laifi ne. Da ka rubuta cewa sauri kake, ka gama wa ɗan sanda aikinsa. Haka nan kada ka zage shi ko ka ce ƙarya yake yi. Ya isa ka nuna cewa daga inda yake ba zai iya ganin abin da ya ce ya gani ba. Girmama alƙali a nan shi ne ka ba shi magana gajera, a jere, wadda zai karanta cikin minti biyu ya gane.

Tawa ga yadda na tsara ta. Na fara da cewa ban amsa laifin ba. Na faɗi rana da lokaci da titin da nake da inda na dosa. Na ce na tsaya cak a bayan farin layi, na duba hagu da dama, sannan na matsa gaba a hankali don in ga mahaɗar sosai. Na faɗi inda motar jami'in take, na ce a dubi hoto na 1 da na 2 da zanen da na haɗa, waɗanda ke nuna shingen da ya tare layin daga wurinsa. Na kawo abin da sashe na 22450 ya nema, wato tsayawa a layin, na ce na cika shi. Na rufe da roƙon a sallame ni a dawo mini da belina. Duka bai cika shafi ɗaya da rabi ba. Kowane hoto na buga shi a takarda, na sa masa lamba, na rubuta a ƙasansa ranar da na ɗauka da inda na tsaya.

In ka cancanci makarantar tuƙi, wato ɗan gajeren kwas da kotu ke barin mai ƙaramin laifi ya yi, ka ƙara layi ɗaya a ƙarshe: idan kotu ta same ni da laifi, ina roƙon a ba ni damar zuwa makarantar tuƙi. Ita ce ke ɓoye makin daga idon kamfanin inshora, ana samunta sau ɗaya cikin wata 18. Bayan shari'a alƙali ne ke da ikon bayarwa ko hanawa, amma ƙa'ida ta ce kada a hana mutum don kawai ya nemi a yi masa shari'a.

Sai maganar da ta fi duka nauyi. A ƙasan fom ɗin kana sa hannu ne a kan rantsuwa cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Rantsuwar ƙarya babban laifi ne a Kalifoniya, kuma ga wanda ke da takardun zama a hannun hukuma, tana iya jawo masa abin da ya fi tikiti dubu. In ka san ka yi laifin, kada ka ƙirƙiro labari. Ka tsaya a kan abin da hukuma ba ta tabbatar ba, ko ka nemi makarantar tuƙi tun farko ka huta.

Mataki na shida: aikawa

Ka yi kwafin komai, har da cek ɗin. Hotuna da takardun da ka aika ba lallai su dawo ba, don haka asalin duk wata takarda mai muhimmanci ya zauna a gida. Ka je gidan waya ka ce Certified Mail kake so da rasidin dawowa, wannan koren katin da akawun zai sa wa hannu a maido maka. Ka aika aƙalla kwana goma kafin ranarka, domin abin da kake so shi ne ambulan ya kasance a hannun kotu kafin ranar ta cika. Bayan mako guda ka duba shafin kotun ko ka kira ka tabbatar an shigar. In ka sauya gida a wannan tsakanin, ka sanar da kotu a rubuce, don hukuncin ta wasiƙa zai zo.

Daga nan kotu za ta aika wa ɗan sandan fom ta ba shi rana ya rubuto nasa. Za ka ji ana cewa in bai rubuto ba ka ci kai tsaye. Sau da yawa ana sallamar mutum a haka, amma doka ta yarda alƙali ya ɗauki tikitin kansa a matsayin hujja, saboda haka kada ka aika fom fanko kana dogaro da mantuwar jami'i.

Mataki na bakwai: idan hukunci ya iso

Ƙa'ida ta ba kotu kwana 90 daga ranarka ta aiko da hukunci, a fom TR-215. In an sallame ka, babu maki, kuma cek ɗin belinka zai biyo baya a wata wasiƙar daban. Tawa haka ta ƙare, ambulan biyu, tsakaninsu 'yan makonni.

In an same ka da laifi, a ranar da ka buɗe wasiƙar ka dubi kwanan watan da akawu ya rubuta cewa ya aika ta. Daga wannan ranar ake ƙidaya kwana 20, har da Asabar da Lahadi, kuma kwanakin da wasiƙar ta yi a hanya a cikin naka aka cire su. Cikin wannan wa'adin za ka shigar da fom TR-220 na neman sabuwar shari'a. In lokaci ya ƙure, ka kai da hannunka tagar akawu, a buga maka hatimi a kwafinka. Kotu za ta sa rana cikin kwana 45, belinka yana nan a ajiye, ba za ka sake biya ba.

Kafin ranar, ka nemi akawu ya ba ka kwafin bayanin da ɗan sandan ya rubuta a shari'ar farko. Yanzu ka san abin da zai faɗa, ka san inda yake cewa ya tsaya da nisan da yake cewa ya hango ka, sai ka auna da hotunanka ka shirya tambayoyinka. A wannan karon sai ya zo da kansa ya ba da shaida, in bai zo ba ka roƙi alƙali ya kori ƙarar. Ka tafi da kwafi uku na kowace hujja, ɗaya na alƙali, ɗaya na jami'in, ɗaya naka. In kana bukatar tafinta, kotu ce ke kawo shi kyauta, amma ka faɗa wa akawu tun ranar da kake miƙa TR-220 cewa na Hausa kake so, don a samu lokacin nemo shi.